Ƙwayar cutar HIV ta ƙi sauka, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali, ku taimaka min.

Ɗan yayata marigayiya ne a hannuna, shekararsa 15, da HIV aka haife shi. Yana shan maganin HIV da ake kira TLD, ƙwaya ɗaya kowane dare. Shekara uku muna lafiya lau, har aka ce cutar ba ta ganuwa a jininsa. Shigarsa makarantar kwana ce ta dagula komai. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsa ya haura 1,000, aka yi mana zaman nasiha sau uku, aka sake gwaji bayan wata uku, jiya-i-yau.

Shi dai ya rantse yana sha. Amma da ya dawo hutu na buɗe akwatinsa, sai ga kwalba guda ko buɗe ta bai yi ba. Wai tsoro yake kada abokan ɗaki su gani. Ban iya yi masa faɗa ba, wallahi kuka na yi.

Yanzu likita tana maganar sauya masa magani zuwa layi na biyu, wato maganin da ake komawa in na farko ya daina aiki. In tsallake shan ne matsalar, sauyin zai yi amfani kuwa? Kuma ni da kaina na haɗa masa da maganin ƙarin jini, daga baya na ji cewa sinadarin ƙarfe na rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD, in an sha su tare ba abinci. Ko ni na jawo?

Sannan in sanar da ma'aikaciyar jinyar makarantar ne, ko in maido shi jeka-ka-dawo? Tsorona kada maganar ta fita.