Masu aikin kula da gidaje a tsibirin Sanibel, me kuka gani?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya sa na samu aikin kula da wasu gidaje a tsibirin Sanibel, nan kudu maso yammacin jihar Filorida a Amurka. Masu gidajen sai da hunturu suke zuwa, sauran watannin ni ne zan riƙa duba gini da shuke-shuke. Gyaran gida ba baƙona ba ne, amma an ce mini dokokin tsibirin daban suke da na Fort Myers, birnin da ke kusa da shi. Don Allah duk wanda ya taɓa aiki can ya ba ni haske.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Allah Ya sanya albarka. Ni aikin shuka nake yi a can. Ka fara sanin cewa kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin an keɓe shi ne ga daji da namun dawa, ciki har da gandun "Ding" Darling da aka kafa tun 1945. Da aka buɗe gadar da ta haɗa tsibirin da babban yanki a 1963 masu gine-gine suka yo ca, sai mazauna suka kafa hukumar birninsu a 1974 don su taka musu burki. Shi ya sa ba za ka ga dogon bene ba, ko fitilar ba da hannu babu.

Mu mun saba a share tsakar gida tas har ƙasa ta yi fes, a ce matar gidan nan akwai tsafta. A Sanibel kar ka kai wannan hannun. Ganyen da ya zubo gindin bishiya barinsa ake yi, shi ne takinta, shi ke riƙe mata laima a cikin yashi. Idan an yi sabon gini ko babban gyara, doka ta ce kashi 75 cikin ɗari na shukar ya zama 'yan asalin yankin: kabar sabal, inabin teku mai faffaɗan ganye, gumbo limbo mai jan ɓawo. Akwai kuma waɗanda ake so a tumɓuke, musamman barkonon Burazil, wanda tsuntsaye ke yaɗa irinsa ko'ina. Sa safar hannu in za ka sare shi, ruwansa na sa wasu ƙaiƙayi. Takin zamani mai naitirojin da fosfaras kuwa an hana zuba shi da damina, domin ruwan sama na wanke shi zuwa teku, gansakuka ta yi yawa, kifi ya mutu. Da farko na ɗauka takura ce. Yanzu da na ga yadda shukar gida ke rayuwa ba ban-ruwa ba taki, wallahi ina ganin sun fi mu gaskiya.

Baban Khalifa:
Na gode Yaya. Ɗaya gidan bayansa ruwa ne, bishiyoyin mangurob, masu tsirowa a bakin ruwan gishiri, sun tare kallon ruwan, mai gidan yana so a rage su.

Ɗan Damagaram:
Kar ka ɗora musu almakashi sai da izini. Filorida na da doka a kansu tun 1996, kuma tarar ba wasa ba ce. Ka ce masa ya nemo mai lasisi. Haka in ka ga rami mai baki kamar rabin wata a cikin yashi, gidan kunkurun gofa ne, shi ma doka na kare shi. Kauce masa da injin yankan ciyawa.

Injiniya Mai Sanyi:
Ni ta gefen ƙarfe zan yi magana. Abokin gabarka gishiri ne, ba sai ruwan teku ya taɓa gidan ba, iska ce ke kawo shi. Na sha buɗe na'urar sanyaya ɗaki ta waje in tarar siraran faranten alminiyon sun zama gari, da ka shafa da yatsa sai su zube. Maganin mai sauƙi ne: ka riƙa wanke ta da tiyo da ruwan famfo a hankali, bayan ka kashe wuta. Noti, ƙusa, makulli, duk abin da za ka canza ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, mai lamba 304 ba ya jure bakin teku sosai. Kuma ko ba kowa a gidan kar ka kashe na'urar sanyin da sunan tattalin wuta. Laimar damina in ta samu gida a rufe, fumfuna ce za ta ci kujeru da tufafi.

Maman Ilham:
Gaskiyar Injiniya. Ni shara da goge-goge nake yi a gidajen haya na bakin teku, in na shiga hancina ke fara gaya mini ko na'urar ta tsaya.

Baban Khalifa, abin da nake roƙonka shi ne batun fitila. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a yashi. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su bi hasken sararin teku su shiga ruwa. In farar fitilar gida ta fi haske, sai su juyo tudu. Na taɓa ganin sawunsu da asuba, ƙananan layuka sun baro teku baya sun nufi wurin ajiye motoci, ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ƙwan fitilar waje ya zama ruwan ɗorawa mai duhu ko ja, yana kallon ƙasa. Labule a sauke da magariba. Kujerun bakin teku a kwashe su kafin dare. Baƙi ba su san wannan ba, sai ka yi ta tuna musu.

Alhaji Na Kwantiragi:
Ƙanena, duk abin da suka faɗa haka ne, saura guguwa. Guguwar Ian ta sauka ranar 28 ga Satumba 2022, teku ya haye tsibirin, gada ta karye, sai da jirgin ruwa ake shiga na makonni. Da muka koma aiki, ciyawar ado da furannin da aka kawo daga waje duk sun ƙone da gishiri, amma kabar sabal na tsaye, inabin teku ya sake toho. A 2024 guguwar Helene da ta Milton suka sake turo ruwa, ko mako biyu cikakku babu tsakaninsu.

Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Kafin ya shigo ka gwada marufan tagogi ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton kowane ɗaki saboda inshora. Ƙasan gidan da ke kan ginshiƙai kar a mai da shi sito, kuma duk abin hawa mai batirin litiyom a fitar da shi, in ruwan gishiri ya shige shi yana iya kama wuta. Ka kuma gaya wa masu gidan, in kuɗin gyara ya kai rabin darajar ginin, sai an bi ƙa'idar ambaliya ta yanzu, galibi ɗaga gidan ke nan. In an ce a fice daga tsibirin, rufe ƙofa ka fice, gadar ɗaya ce.