Barin laftop a jone da wuta yini guda yana kashe batir ne?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu a Jega, yawanci ɗalibai ke kawo mini aiki. Tsohuwar laftop ɗina shekara biyu ta yi a hannuna, daga ƙarshe batirin ya kumbura har ya ɗago wurin da ake jan yatsa, murfin ƙasa ya wangale. Da ƙyar na tara kuɗi na sayi HP EliteBook 'yar gwanjo, ba na son a maimaita. Yayana ya ce laifina ne, wai ina barin ta a jone bayan ta cika, caji na ta kwarara kamar jarkar da aka manta a bakin famfo. Shi ya sa yanzu da ta kai 100 sai in zare, in ta sauka 20 in mayar, sau uku a yini. Daidai nake yi, ko wahalar banza ce?

Mai Gyara Gusau:
Wa alaikumus salam. Wahalar banza ce, malam, har da asara. A gaida Yaya, amma batir ba jarka ba ne. Akwai ɗan abu a cikin na'urar da ke tsayar da caji da zarar ya cika, daga nan kwamfutar daga caja take shan wuta kai tsaye, batirin na zaune abinsa. Kai kuwa kullum kana cinye masa zagaye fiye da biyu (zagaye ɗaya shi ne shanye cajin batir cikakke sau ɗaya), alhali irin wannan batir na litiyom yakan fara ja da baya bayan zagaye 300 zuwa 500. Yi lissafin wata shida ka gani.

Abin da ke tsufar da shi biyu ne, kuma tare suke ɓarna: daɗewa a cike tam, da zafi. Ka san watan Afrilu a wajenku, zafi ya haura digiri 40, shago rufin kwano, ita kuma tana kan tebur an shimfiɗa mata leda. Duk wadda aka kawo mini da kumburarren ciki, in na buɗe sai in tarar ƙura ta toshe fankar kamar auduga. Ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta ratsa. Sannan in ka kunna ta ka danna F10, ka nemi Battery Health Manager, ka zaɓi wanda ke tsayar da caji a kashi 80. Masu Lenovo nasu yana cikin manhajar Vantage, masu ASUS kuma MyASUS.

Maman Hanifa:
Injiniya, maganarka gaskiya ce, amma wanga 80 ɗin na masu sola ne. Mu nan Argungu in an kawo wuta, cika ta nake har wuya, don ban san yaushe za a dawo da ita ba. Na gwammace batirin ya tsufa da wuri da in rasa sakamakon ɗalibaina a tsakiyar aiki. Abin da dai na bari shi ne ɗora ta a kan katifa.

Mai Gyara Gusau:
Hajiya, ba ki yi laifi ba, don ranar ɗauke wuta aka yi batir. Na manta ɗaya, Ɗan Jega: duba bayan cajarka. In na'urar mai wat 65 take so ka ba ta ƙarama, idan aiki ya yi nauyi sai ta riƙa cikowa daga batir ko tana jone.

Ɗan Jega:
Allah ya saka da alheri. Cajar 65 ce, na kuma sa 80 ɗin tunda ina da inbata. Yaron shagona ya nuna mini powercfg /batteryreport, umarnin da ke fito da rahoton batir, ya nuna asalin cajin da batirin ke ɗauka 50,000 mWh, yanzu 41,000 yake ɗauka. Injiniya, wannan zai kai ni baɗi, ko in fara ajiye kuɗin wani?