Haikalin Budda a tsakiyar cunkoso: shawarwarin fadarmu

Ƙanena da ke karatun zanen gine-gine a Sin ya zo hutu Maraɗi da aikin da ya hana shi barci: zanen haikalin mabiya Budda a matsattsen fili, dogayen benaye sun kewaye shi. Ya baje takardunsa kan tabarma a fadarmu ta unguwar Zariya, ana dafa shayi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Wani injiniya ya ce in fili ya yi kaɗan, a hau sama. Ya kawo misalin haikalin Haƙorin Budda na Singafo, wanda aka buɗe a 2007, hawa-hawa, da lambu a rufinsa. Amma ya ja kunne: kada a ɗora makewayi bisa kan mutum-mutumin Budda, masu addinin na ɗaukar haka raini.

Maganar Baba magini ce ta fi ratsa ni. Ya ce, "Yaro, ka tuna zaure." Mutum ba ya faɗawa tsakar gida daga titi, sai ya ratsa zaure, ya karya kwana, hayaniya ta mutu a bayansa. Haka mai zuwa zaman natsuwa yake buƙata: mashiga mai duhu-duhu, wurin tuɓe takalma, sannan haske daga sama, tunda tagogin gefe bangon maƙwabci kawai za su kalla.

Sauran a gurguje: hanyar kewaya stufa (hasumiyar da suke ajiye kayan tarihi masu tsarki a ciki), mai kewayawa ya bar ta a damansa, mafitar hayaƙin turare, masaukin limamansu nesa da baƙi, lif saboda tsofaffi.