Shawarwarin Masu Garka a Tahoua kan Irin da Ke Ƙin Tsirowa

Wasu masu garka a Tahoua sun tattauna kan kayan lambun da ake shukawa kai tsaye a fangali ba tare da reno ba, kamar karoti da kuɓewa da alayyafo. Yawancinsu sun ɗora laifin rashin tsiro a kan bushewar saman ƙasa, domin iskar hunturu takan busar da yashi cikin 'yan sa'o'i, kuma ƙwayar da ta fara kumbura sannan ta bushe ba ta farfaɗowa. Shawararsu ita ce a yi ban ruwa kaɗan safe da yamma da arozuwar mai ƙananan huji, a lulluɓe fangalin da ciyawa ko tsohon buhu, a yaye shi da zarar tsiro ya leƙo. Karoti ya fi buƙatar wannan haƙuri, tunda yakan kai mako 2 zuwa 3 kafin ya fito.

An kuma yi gargaɗi kan binne iri da zurfi. Zurfin kada ya wuce kaurin ƙwayar sau 2 ko 3. Ƙananan ƙwayoyi kuwa a cuɗa su da yashi a barbaɗa. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana.

An yi saɓani kan taki, amma hujjar masu cewa a sa ruɓaɓɓe kawai ta fi ƙarfi, saboda ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Wanda ke shakkar tsohon irinsa ya naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ya ƙirga waɗanda suka tsiro kafin ya ɓata ruwansa.