Samma'a (hedifon) mai bes sosai da amfilifaya: wanne zan fara saya?

Abu Walid, Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema, ina so in sayi hedifon irin babban nan mai rufe kunne gaba ɗaya, wanda in an daki ganga za ka ji ta har cikin ƙirjinka. Wanda nake da shi a wani shago na saya, mai shagon har rantsuwa ya yi wai asali ne, wata biyu kunnen hagu ya mutu, ga shi ko fatura, wato rasit, ban karɓa ba balle a yi zancen daman, wato garanti. Riyal 1200 na ware duka. A ɗaki nake sauraro bayan na taso aiki, yawanci a laftof wani lokaci a jawwal, wato wayar hannu, mu huɗu ne a ɗakin ba na son damun kowa, ga mukayyif ɗinmu, wato AC, tsoho ne yana ta ruri kamar injin niƙa. Wani abokin aikina ya ce in ban haɗa da amfilifaya ba kuɗina kawai zan zubar. Gaskiya ne? In haka ne wanne zan fara saya?

Injiniya Sabo, Riyad:
Wa alaikumus salam Abu Walid. Abokin naka ya faɗi rabi ya bar rabi. Amfilifaya ba ya haifar da bes, ƙarfin wuta kawai yake ba samma'a, in ita kanta ba ta da bes ko na riyal dubu biyar ka jona mata ƙara kawai za ta ƙara. Don haka kai na fari, kuɗin ya fi yawa a kan hedifon.

Tunda ku huɗu ne a ɗaki ka manta da masu buɗaɗɗen baya irin su Sennheiser HD 600, suna da daɗi amma duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji, rurin mukayyif zai shigo maka, kuma bes na can ƙasa bai cika fita a cikinsu ba. Rufaffe za ka nema. Biyu zan ambata maka. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ce, jawwal ma na iya tuƙa ta, kebul ɗinta ana cirewa a sa wani in ya lalace. Sai Beyerdynamic DT 770 Pro ta Jamus, ita kala uku ake yawan gani, om 32 da 80 da 250, to a nan ne mutane ke faɗawa rami, mutum ya ga 250 ya ce ai babbar lamba ta fi, ya kai gida ya jona a waya ya ji sauti kamar daga rijiya. Yawan om na nufin tana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ta yi ƙara, shi ke nan, ba alamar inganci ba ce. Ni da ni ne mai 80 zan ɗauka. Laftof na iya ja ta, in ka samu ƙaramin amfilifaya daga baya kuma ta ƙara buɗewa. Kebul ɗinta dai mita 3 ne kuma a manne yake, ba ta fita yawo ba ce, ta ɗaki ce.

Ɗan Hindawiyya:
Injiniya kun cika dogon lissafi wlh. Mutum ya ce yana son ya ji a ƙirji, a ba shi Skullcandy Crusher Evo kawai a wuce wajen. Akwai wani ɗan abu a gefe da kake turawa sama, kai har haƙoranka sai sun yi rawa, ba kebul ba amfilifaya ba komai, bulutut ne. Ko Sony ULT Wear mai maɓallin bes, ita har hayaniyar waje take kashewa, maganin mukayyif ɗin nan kenan.

Injiniya Sabo, Riyad:
Hhh ɗan uwa ban ƙi taka ba, amma a gaya masa gaskiya, girgizar Crusher wani inji ne daban a ciki yake jijjiga kofin, kwana biyun farko daɗi, daga baya wasu sukan gaji. In hakan yake so babu laifi. Abu ɗaya dai, duk mai bulutut amfilifayarta na cikinta, in ya zaɓi wannan hanyar kar ya sayi wani akwatin amfilifaya, ba inda zai sa shi ya amfana.

Abu Walid, Jidda:
Na gode ƙwarai. Ni dai na fi karkata ga mai kebul, na gaji da cajin abubuwa. To Injiniya in amfilifaya ba ya ƙara bes, me ya sa nake ganin wasu da maɓalli an rubuta bes a jiki? Kuma ni mai gilashi ne ko wannan na da wani tasiri, don wani lokaci in na danna kofin da hannu sai in ji sautin ya cika.

Injiniya Sabo, Riyad:
Yawwa, ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. Abin da ka ji da ka danna kofin shi ne sirrin bes a rufaffiyar samma'a, dole soson ya manne da fata iska ba ta fita. Ƙafar gilashi mai kauri tana ɗaga soson ta bar 'yar kafa, ta nan bes ɗin ke zurarewa, haka ma hula ko soson da ya tsufa ya lotse. Ka nemi gilashi mai siririyar ƙafa ko ka ɗan ɗaga ta sama da soson in za ka saurara, kyauta ne wannan, kuma ya fi wani amfilifayan tasiri.

Maɓallin da kake gani kuwa ikwalaiza ne aka dasa a ciki, wato abin da ke ɗaga ko rage wani sashe na sauti, FiiO E10K na da shi, iFi Zen DAC ma na da shi, dukkansu ta USB suke shan wuta daga laftof. Kai ma za ka iya yin irinsa ba ko sisi, da manhajar Equalizer APO a Windows ko Wavelet a Android, ka ɗaga abin da ke ƙasa da haz 100, wato sashen sauti mai kauri, da kamar desibel (ma'aunin ƙara) 4 zuwa 6. Kar ka taɓa wajen 200 zuwa 300, nan ne sauti ke zama kunu, muryar mai waƙa ta nutse. Amma fa ɗaga desibel 6 na cin ƙarfin wuta ninki huɗu, kuma sai ka rage babban matakin ƙara na ikwalaizan da desibel 6 ɗin don kar sauti ya riƙa tsagewa, sai ka ga ƙarar duka ta ragu. To a nan ne amfilifaya ke da aiki. Shi ya sa na ce fara da hedifon, yi sati biyu da shi, in ka ƙure ƙara bai ishe ka ba ko kana jin shuuu daga laftof, sannan ka sayo.

Maman Sumayya, Makka:
Ni ƙanina ke da irin wannan harkar, abin da zan ƙara shi ne zafi. Malam a Jidda kake fa, ga zafi ga gumi, soson leda yana riƙe bes amma rabin awa kunne ya jiƙe sharkaf kuma da wuri yake ɓarewa. Mai 80 ɗin da Injiniya ya faɗa soson yadi gare ta mai laushi, ta fi sauƙi. Sannan dan Allah a tausaya wa kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 awa 40 a mako ne iyaka ga babba, in ka cire kana jin wiii a kunne to ka wuce gona da iri. Wannan karon kuma ka karɓi fatura, ko shagon Jarir ne ko eXtra ko Amazon, ka duba waye mai sayarwar.

Ɗan Hindawiyya:
Gaskiyar Hajiya. Kuma in daga waje za ka yi odar amfilifaya mai jonawa a bango ka duba adaftarsa, wasu na Amurka wutar volt 115 kawai suke ɗauka, wutar nan kuwa 230 ce a sababbin gidaje, tsofaffin unguwanni ne ake samun soket ɗin 127 a gauraye. Wani maƙwabcinmu haka ya ƙona nasa ranar farko.

Abu Walid, Jidda:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Ran Juma'a bayan la'asar zan je in gwada M50x ɗin da DT 770 da gilashina a fuska in ji wadda ta fi zama, amfilifaya kuma sai albashi ya shigo. Injiniya zan dawo maka kan saitin ikwalaizan nan don ban gane wajen rage matakin ba sosai.