Neman kalma: me za mu kira masu magana ta tauraron ɗan Adam da oba-oba?

Maman Iklima:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis zan naɗi shirin kimiyya a kan mutanen nan da ke tsayawa a fili da 'yar oba-oba da eriya a hannu, su yi magana da wani a wata ƙasa ta tauraron ɗan Adam. Abu uku sun tsaya min a wuya: amateur radio, sai pass, sai uplink da downlink. Ƙamus ya ba ni "ɗan koyo" a ta farko. Edita na son ganin rubutun jibi. A taimaka.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗan koyo kam a'a. Sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi lasisi da lambar kira, ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U. Su suka ƙera tauraron OSCAR 1 da aka harba a Disambar 1961, shekara huɗu kacal bayan Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Wani nasu, AO-7, an harba shi a 1974, batirinsa ya mutu a 1981, sai ga shi ya farfaɗo a 2002, yana aiki muddin rana na haska shi. Abin da kalmar ke nufi shi ne ba don kuɗi suke yi ba. Doka ma ta hana su kasuwanci a zangonsu.

Zainabu Abu:
To "masu sha'awar rediyo" mana. Na ƙarshen kuma hawa da sauka, an gama.

Ɗan Damagaram:
Hawa da sauka ya yi. Amma masu sha'awar rediyo ai 'yan zaɓi-sonka ne, masu aiko gaisuwa. Waɗannan kuwa kowa da tasharsa a jaka.

Injiniya Bala:
Hawa da sauka daidai ne, don mita biyu ce daban. Tauraron SO-50 na Saudiyya, wanda ke sama tun 2002, kana aika masa murya a kan megahaz 145.850, shi kuma ya sauko da ita a kan 436.795. Shi ya sa eriyar take da ƙarafa iri biyu a sanda ɗaya, dogaye da gajeru, kuma masu hali kan riƙe rediyo biyu don su ji muryarsu tana dawowa.

Maman Iklima:
Madalla, ɗaya ta fita. Pass fa? Na rubuta "shawagi".

Injiniya Bala:
Shawagi na mai kewaya wuri ɗaya ne. Wannan ɓullowa yake daga wani gefen sama ya faɗa wani gefen cikin minti goma zuwa sha biyar, kana bin sa da hannu, mutum goma na rububin layi ɗaya. Lambar kira da lambar yankinka kawai za ka faɗa ka ba wani wuri, babu ina kwana ina gajiya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma haka, tana nisan kilomita 400 ko kusa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90.

Zainabu Abu:
Giftawa ke nan. "Tauraron zai gifta da ƙarfe biyar da kwata."

Malam Sabo:
Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun daga sama zancen a karkace yake: oba-oba, eriya, lasisi, edita, ina Hausar? Iyayenmu da suka ga na'urar aika saƙo ba igiya, wayar iska suka ce. Sunan na nan, lalaci ne ya sa aka watsar. A ce 'YAN WAYAR ISKA. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina haka.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, ka san bakin mutanenmu. Kafin sati ya zagayo za a yar da wayar a hanya, a bar bayin Allah da 'yan iska.

Zainabu Abu:
Wayyo cikina! Baba Sabo, ita wayar ma ai daga Turanci muka aro ta.

Malam Sabo:
Zainabu, na koyar da Hausa tun ba a haife ki ba. Aron da ya kwana shekara ɗari a bakin mutane ya zama ɗan gida. Naku na yanzu kwasowa ne kawai. Kai kuma na Damagaram, ku da kuka cika Hausarku da Faransanci, kai ne za ka yi min gyara?

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe, Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba. Mu muka ce lakkwal, ku kuka ce furamare, wa ya fi wani? Kuma ko shekara nawa ka yi kana koyar da kalma, in ba ta fita daga aji ta shiga kasuwa ba, taka ce kai kaɗai.

Malam Sabo:
Wannan raini ne. Shi ya sa Balarabe da Bafaranshe ke da majalisun kula da harshe, mu kuwa kowa da waya a hannu ya zama farfesa.

Maman Iklima:
Don Allah Malam a yi haƙuri, a dawo kan magana, lokaci na ƙurewa. Wani ya turo min "rediyon marmari" ta gefe. Ya kuka gani?

Injiniya Bala:
Ya fi ɗan koyo nesa ba kusa ba, sai dai marmari na sa a ɗauka wasa ne, alhali idan girgizar ƙasa ko ambaliya ta katse layukan waya, sau da yawa su ake nema. Wani abu kuma Hajiya, kada ki ce duk taurarin giftawa suke. QO-100, da ke jikin tauraron Es'hail-2 na Katar tun 2018, a tsaye yake a wuri ɗaya in ka dube shi daga ƙasa, kuma ya rufe Afirka gaba ɗaya. Shi dish ake kafa masa, oba-oba ba ta kai wa gare shi.

Maman Iklima:
To ga abin da zan yi. Giftawa, hawa da sauka, na ɗauka. A farkon shiri zan ce "masu lasisin tashar rediyo ta ƙashin kansu, ba don kasuwanci ba", daga nan in riƙa cewa 'yan rediyon marmari. Zan kuma ambaci wayar iska a matsayin sunan da magabata suka sani.

Malam Sabo:
Giftawa Hausa ce, ban ƙi ba. Marmari kuwa na mangwaro ne. Ki yi shirinki, ni a ajina ba zan canza ba.

Injiniya Bala:
Ki tuna wa masu sauraro cewa aika murya sai da lasisi. Sannan ba mu taɓa Doppler ba: mitar saukar kan ƙaru da kusan kilohaz 10 idan tauraron na tahowa, ta ragu idan ya ba da baya, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo in ta wuce ka. Ni "gocewar mita" nake cewa.

Zainabu Abu:
Gocewa kamar kuskure ne aka yi. Zamewa fa?

Maman Iklima:
Wannan sai shiri na biyu, minti goma sha biyar kawai aka ba ni.