Littafin bashi a tireda: in fara rubuta sunan dattawa ko in haƙura?

Mai Tireda: Assalamu alaikum. Tiredar mahaifina na gada a wani ƙauye kusa da Gujungu: sukari, ganyen shayi, taliya, omo. Marigayi da ka yake riƙe bashi, ni kuwa kaina ba ya ɗauka. Ranar Lahadi in na shiga kasuwa saro kaya sai kuɗin su gaza, kuma ban san wa da wa suka ci ba. Ina so in riƙa rubutawa kullum. Damuwata abokan Baba ne. Yaya zan buɗe littafi a gaban mutumin da ya ci tuwon sunana? Kar a ce waya, ba mu da wuta.

Ɗan Birni: Sauke manhajar lissafi a wayarka kawai. An wuce zamanin biro.

Almajirin Ringim: Kunyar me? Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kan rubuta bashi ta sauka, har da kafa shaidu. Dattijon da ya ji haushi ka karanta masa.

Baban Sadiya: Hmm. Ni na rubuta, har da kwanan wata. Damunar 2022 ruwa ya ci garinmu a yankin Auyo, katangar shago ta zauna cikin dare. Da na tono littafin, tawada ta gama narkewa, shafukan sun manne. Wallahi ban taɓa sanin mutane ba sai lokacin. Waɗanda nake ba shinkafa a azumi ba tare da na ɗaga ido ba, su ne suka riƙa canza hanya. Ƙanin mahaifina, da bakinsa, a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ya ce "kawo littafin mu gani." Ya san babu. Mata biyu ne kaɗai suka aiko yara da kuɗi, ɗayarsu ma bazawara ce mai sayar da ƙuli. Yanzu dakon kaya nake yi a Hadeja.

Maman Usaina: Allah ya mayar maka da alheri, Baban Sadiya. Amma su ma fa gonakinsu ruwa ya cinye.

Baban Sadiya: Hajiya, wanda ya ce babu daban, wanda ya ce bai ci ba daban.

Na Gumel: Dogon littafi mai kauri naira 1,500 na saya. Ka sa shi a leda biyu, ka kwana da shi a gida.

Ɗan Birni: Ina? 800 na saya a Sabon Gari.

Na Gumel: Kai da ka ce an wuce zamanin biro? Ka haɗa da kuɗin mota zuwa Kano. Kuma wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba ya bar masu sana'a su yi magana.

Auta: Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni sunana yana cikin littattafai uku a garinmu, kuma barci nake har da minshari.

Maman Usaina: Ɗana Mai Tireda, ni uwar adashi ce. Ba na rubutu a gaban babba. In ya tafi nake rubutawa, kowane gida da shafinsa, don yaron da aka aiko gobe ba shi aka aiko jiya ba. Ranar kasuwa in tura a ce ina gaisuwa, zubi ya zo. Sun gane.

Almajirin Ringim: Hajiya, rubutun ɓoye ba shaida ba ne. In ya musa fa?

Maman Usaina: Malam, kai karatu ka sani, ni mutanen na sani.

Na Gumel: Masu musu ma da sauƙi a kan 'yan "na tura", masu cewa sun turo kuɗi ta waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 aka koya musu. A nuna maka waya, a ɗauki kaya, kai kuma sai ka hau tudun bayan makaranta kafin ka samu sabis ka duba.

Mai Tireda: Jama'a, maganar dattawan fa?

Auta: Mu ma sai kan bishiyar darbejiya ake samun sabis. Na Gumel, kuɗin naka daga baya sun shigo?

Na Gumel: Ina fa. Na je banki a Dutse, suka ce in dawo bayan kwana bakwai na aiki. Mai POS kuma da zai duba mini sai da ya caje ni.